Kiɗan Kirsimeti da ba kowa ya sani ba

Idan watan Disamba ya kama, waƙoƙin da aka saba ji sukan ishe ni, shi ya sa nake komawa ga kiɗan parang na tsibirin Tirinidad da ke yankin Karebiyan. Da Sifaniyanci ake rera shi, domin asalinsa daga Benezuwela ne, kuma mawaƙan kan bi gida-gida da dare, riƙe da ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da caki, masu gida suna tarbarsu da abinci.

Na Bahamas kuwa, wato Junkanoo, ba na zaman ɗaki ba ne. Ana kaɗa shi a titunan Nasau, babban birnin ƙasar, ranar 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, da gangunan fatar akuya da ƙararrawar shanu da usur, har gari ya waye.