Ayyukan da gara ta cinye mini a sashen zanen gine-gine

Duk ɗalibin zanen gine-gine da ya zo wurina neman shawara, kafin mu gama gaisawa nake tambayarsa ko yana da hoton aikin da ya miƙa a zangon da ya wuce. Yawancinsu babu. Sai su ce ai aikin yana sashe, an ajiye. Ni ma abin da aka ce mini ke nan, an ajiye.

A jami'ar da na yi, in an tashi daga juri, wato zaman da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban malamai, ba kowa ake mayar wa aikinsa ba. Waɗanda suka fi kyau sashe ke riƙewa, domin ranar da tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ko ta ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, za ta zo tantance kwas ɗin a baje musu su ga abin da ɗalibai ke yi. A riƙe aikinka abin taƙama ne, har abokai sukan taya ka murna. Nawa an fara riƙewa tun daga aji biyu: ƙaramin asibitin karkara, sai makarantar firamare, sai wata kasuwa da na zana a aji uku, wadda har gobe nake ganin ban taɓa yin aikin da ya kai ta ba. Dukkansu da hannu aka yi su, don a lokacinmu ba a yarda ka taɓa kwamfuta a situdiyo sai ka yi nisa. Allon zane ne da tisikwaya da alƙalamin Rotring, sai takardar A1 da reza da gam da kwali. Wanda ya yi kwas ɗin ya san kuɗin da waɗannan ke ci, ya kuma san daren da ake rabawa ana yankan kwali da fitilar caji, sauro na cizo, yatsu duk gam.

Da muka kusa fita na je karɓar kayana. Sai da na yi ta sintiri kafin a samo mai riƙe da makullin. Yana buɗe ƙofa warin danshi ya buge mu. Rufin ɗakin yana yoyo, ga alama ba damina ɗaya ya yi yana yi ba, silin ya ɓurma daidai kan kantar da aka jibge ayyukanmu. Takardun da aka naɗe sun manne da juna, funfuna ta yi musu baƙi, kana warwarewa suna yagewa a hannunka. Samfurin kasuwata kuwa katakon ƙasansa kawai na gane, da lambata a rubuce a gefe. Gara ta bi layukan rumfunan ta gina hanyoyinta na ƙasa a kai, kwalin ta cinye shi tas. Na ɗaga katakon, wani ɓangaren ya zube.

Da na kai ƙorafi, malamin da na samu bai ko ɗago kai sosai ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Ai an riga an ba ka makinka, ko ba a ba ka ba?"

Na ce, "An ba ni, Malam."

Ya ce, "To me ya rage?"

Wannan tambayar ta fi ɓarnar garar ƙona mini rai, domin makin nan shi ne abin da babu wanda ya taɓa nema a wurina tun da na fita.

Ofishin farko da na shiga neman aiki a Kaduna, na miƙa wa maigidan ambulan mai takardun sakamakona. Bai buɗe ba. Ya tura shi gefe ya ce, "Samari, ajiye wannan. Me ka zana?" Abin da ke hannuna shi ne aikin aji huɗu kaɗai, wanda ke cikin kwamfuta. Na buɗe masa hotunan da na fitar da manhajar Lumion, sararin sama shuɗi, motoci masu sheƙi a bakin gini, itatuwan da ba sa fitowa a ƙasarmu. Ya leƙa ya ce duk wanda ya shigo ofishin nan irin waɗannan yake kawowa, har ba ya iya bambance na wani da na wani. Sannan ya ɗora yatsa kan rufin ya ce, "Ruwan sama in ya sauka nan, ta ina zai fita?" Rufin ɓoyayye ne a bayan katanga, irin wanda ake yayi. Na san amsar a kaina, amma babu zanen da ya nuna ta. A aikin kasuwata akwai. Na zana magudanar rufin a sikeli 1:20, da gangarenta da inda indararo ke zubarwa, malaman juri ma sun tsaya a kanta. Na buɗe baki zan ce ai na taɓa yi, sai na tuna ba ni da abin nunawa. Ya ce in na haɗa kundin ayyukana in dawo.

Abin da ya cece ni wani littafin zane ne mai baƙin bango da ban taɓa miƙa wa kowa ba, don haka bai shiga ɗakin ajiya ba. Abu biyu ne a ciki.

Na farko daga SIWES ne, wata shidan nan na koyon aiki da ake yi ƙarƙashin ITF, asusun horar da ma'aikata. Abokaina da yawa ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni suka nema saboda suna, wasunsu kuma suka ƙare da zaman jiran a sa musu hannu a littafi. Ni ƙaramin ofis na samu, mutum ɗaya da mataimakinsa, ba shi da wanda zai aika wurin gini sai ni. Can na haɗu da birkilan da ya koya mini abin da situdiyo bai koya mini ba. Na ba da awon bangon da ke tsakanin taga biyu milimita 1,000, lamba mai kyan gani a takarda. Ya kira ni, ya ajiye bulo biyu a ƙasa ya ce, "Injiniya, zo ka gani." Tsawon bulo milimita 450 ne, ko mai inci tara ko mai inci shida. Biyu da kwaɓin da ke tsakaninsu ba su cika dubu ba, na uku kuma sai an farfasa shi a kowane layi. Ya ce, "Kowane gutsure da ka gani a ƙasan nan kuɗin mai gida ne, kai kuma ka zana shi." Tun daga ranar nake zana duk abin da na gani ana yi: yadda ake ɗaure rodin linta, yadda kafinta ke kafa katakon dekin, inda mai famfo ya fasa bim don bututunsa saboda ba a bar masa hanya a zane ba. Zane ne na gaggawa, wasu shafukan har da tabon siminti.

Na biyu awon wani tsohon zaure ne a cikin birni, aikin da na ɗora wa kaina a hutu bayan an kai mu Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Na tsaya a ƙarƙashin bakan gizon nan, wato lanƙwasar da ke riƙe da rufin, na rasa yadda ƙasa da itace suka ɗauki wannan faɗin. Sai na nemi wani tsohon magini a unguwarmu, na roƙe shi ya raka ni zauren da kakansa ya gina. Ni ina riƙe da tef, shi yana zaune a dakali yana bayani. Ya nuna mini yadda ake jera azara, itacen giginya da gara ba ta cika damu ba, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ya nuna yadda bangon tubali ke da kauri a gindi yana sirancewa in ya yi sama, da makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa. Na tambaye shi, "Baba, me ya sa wannan gefen ya fi cinyewa?" Ya ce, "Ɗana, hadari daga ina yake tasowa?" Daga gabas. Bangon gabas ne ruwa ke duka, shi ya sa shi suke fara yi wa yaɓe kafin damina. Na yi kwas guda a kan yanayi da gini, na ci jarrabawarsa, amma da za ka tambaye ni wane bango ne ke fara lalacewa a garinmu, da ban iya ba ka amsa ba. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariyan ya rufta, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Irin waɗannan gine-gine, duk ɗalibin da ke kusa da ɗaya ya ɗauki tef ya je ya auna tun yana tsaye.

Wannan littafin na haɗa da aikin aji huɗu na koma. Maigidan ya wuce hotunan kwamfutar da sauri, ya tsaya a kan zanen zauren, wanda ya nuna cikinsa kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi wanda ya auna, na ce ni ne. Ya ce in fara zuwa ranar Litinin. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma na shiga. Har yanzu nakan yi tunanin da kasuwar nan tana cikin kundin, da ba a wannan kujerar zan fara ba.

Saboda haka shawarata ba ta da ado. Kafin ka shiga juri ka ɗauki hoton komai, ba bayan an fito ba, don bayan an fito ba ka da hankalin yin komai sai barci, wani lokacin ma an riga an ɓalle maka rufin samfurin ana leƙen ciki. Ka fitar da shi waje da safe, cikin inuwa, ka shimfiɗa farin ƙyalle a bayansa, ka durƙusa ka ɗauka daidai tsayin idon mutumin da zai tsaya a bakin ginin. Manyan takardu ka kai shagon da ke da na'urar sikanin mai faɗi. Kuɗin zai yi maka ciwo a lokacin, amma ka biya. Zane-zanen farko da ka dunƙule ka jefar, waɗanda ke nuna yadda tunanin ya faro, su ma ka tsince su, masu ɗaukar aiki sun fi son ganinsu fiye da yadda ɗalibai ke zato. Sannan ka ɗora komai a Google Drive, ka kuma aika wa kanka ta imel. Kwamfuta ana sace ta, filash kuma shagon buga takarda ɗaya ya isa ya sa masa cuta.

Kundin kansa ba ya bukatar yawa. Ayyuka huɗu ko biyar sun isa, in dai kowanne yana da filan, da zanen yankan gini, da aƙalla wuri ɗaya da ka nuna yadda za a haɗa shi a zahiri: matakala, ko taga, ko bakin rufi. Ka mayar da shi PDF marar nauyi, domin mafi yawan masu ofis a waya za su buɗe shi ta WhatsApp. A manhajojin zane, AutoCAD dole ne, Revit kuma ofisoshi na ƙara nemansa. Ƙawata hoto shi ne ya fi sauƙin koyo, kuma shi ɗalibai suka fi ɓata lokaci a kai. Kada kuma ka raina aikin da ka yi a kan ginin ƙasa, musamman in kana harin ƙaro karatu a waje. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando ya fara, ya kuma karɓi Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mariam Issoufou ta Nijar, aikin da ya ƙara fito da sunanta a Dandaji yake, garin Hausawa, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo da bulon ƙasa.

Wani abin da ba a faɗa mana da wuri ba, ko aka faɗa ba mu saurara ba, shi ne digirin farko bai mayar da kai cikakken mai zanen gine-gine a idon doka ba. Bayan shekara huɗu akwai digiri na biyu, shekara biyu. Akwai hidimar ƙasa. Akwai aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar da aka kafa da doka a 1969, ta ba ka lamba da hatimi. Ba tare da hatimin nan ba, zanenka ba zai wuce a hukumomin tsara birane, KNUPDA ta Kano ko KASUPDA ta Kaduna, da sunanka ba. Mutanen gida kuwa ba su san da wannan ba, su dai sun ga ka sa rigar yaye ɗalibai. Sati bai zagayo ba kawuna ya kira ni, yana da fili yana son bene mai shaguna a ƙasa. Na ce, "Kawu, zan zana, amma sai maigidana ya duba ya buga hatiminsa, kuma wannan ba kyauta ba ne." Ya yi shiru, sannan ya ce shi da yake ganin an gama karatu. Filin yana nan, an zuba yashi tifa ɗaya, mu kuma har yanzu ba mu daidaita kan kuɗin hatimin ba.