Abin da Haɗa Kwamfuta Ya Koya Mini Game da Zaɓen Fawafak

Idan mutum ya shigo shago a titin Beirut da ke Kano da 'yar takardarsa ta kayan da yake so a haɗa masa, tun kafin in karɓa na san yadda ta jeru. Furosesa ce a sama, da lambarta cif. Katin girafik na biye, sai ram, sai ma'ajiyar SSD, wani har da fankoki masu fitilu kala-kala. Fawafak kuwa, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, in ma ya samu shiga, can ƙasa yake, kuma abin da ake rubutawa a gabansa shi ne "kowanne". Canjin da ya rage bayan an gama sayen komai shi ne rabonsa. Yawancin masu irin wannan takarda masu tace finafinai ne daga wajen titin Zoo, da ɗaliban zanen gine-gine, da masu gidajen gem, kuma da yawansu sun zo ne da niyyar ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, wato obakulok.

Abu na farko da maigidana ya hana ni shi ne kallon gaban kwali. Wata rana aka kawo sababbin fawafak masu araha, kowanne an buga masa 650W da manyan jajayen haruffa. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Kai, juya shi, karanto mini layin sha biyu." A gefen kowane fawafak akwai ɗan jadawali mai nuna abin da yake iya bayarwa, domin aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mai da ita bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. Furosesa da katin girafik, manyan masu shan wuta, daga layin 12 suke sha, wato wayoyin nan ruwan ɗorawa. Na duba na ce amfiya 30. Ya ce in ninka da 12. Wat 360 ke nan. Ragowar lambar an cike ta ne da ƙananan layukan, waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika damuwa da su ba. Sai ya ɗauko wani na kirki, shi ma 650, an rubuta masa amfiya 54, wato wat 648. "Duk tiya ce," in ji shi, "amma ɗaya an buga mata gindi." Ya sa na ɗaga su, ɗaya a kowane hannu. Na arahar kamar babu komai a ciki. Nauyi ba hujja ba ce a kan inganci, amma rashinsa yakan tona asirin ƙananan kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a ciki, da siraran ƙarafan sanyaya.

Mai yin obakulok ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, kuma shi ne ya fi kowa tsallake shi. Wutar da furosesa ke sha tana tashi daidai da gudunta, amma idan aka taɓa bolt, sau biyu ƙarin yake shiga lissafi. A ce ka ɗaga ta daga gigahaz 4.5 zuwa 5, ƙarin kashi 11 cikin ɗari ke nan. Don ta tsaya da ƙafarta a wannan gudu sai ka matsa bolt ɗinta daga 1.2 zuwa 1.35, wannan kaɗai ya ƙara kusan kashi 27. In ka haɗa biyun, wutar ta ƙaru da kusan kashi 40, a kan gudun da bai wuce kashi 11 ba. Lambar da kamfani ke rubutawa ma ba ta da amfani a nan. Core i9-9900K da Intel ya fitar a 2018 an rubuta mata wat 95, amma wanda ya sake mata linzami ya ɗora mata aiki mai nauyi zai gan ta tana neman wat 200. Wanda ya yi lissafinsa da 95 ya riga ya ci bashin da ba a gaya masa ba.

Yadda bashin ke bayyana shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane rai. Kwamfuta za ta tashi lafiya, ta buɗe komai, ta yini ana kallon bidiyo a kanta. Sai mai tacewa ya danna fitar da aikin da ya kwana a kansa, furosesa da kati su buɗe baki lokaci guda, allo ya yi baƙi, ta sake tashi kamar ba a yi komai ba. Daga nan sai a ɗora wa Windows laifi, a sake zuba wata, a zare ram a goge, wani ya ce bairos ne. Ƙa'idar ATX da masu ƙera fawafak suka daɗe suna bi ta ba layin 12 damar kaucewa da kashi 5 kawai, tsakanin 11.4 da 12.6, kuma 'yar rawar da wutar ke yi a kansa kada ta wuce milibolt 120. Fawafak mara kyau yakan cika wannan sharaɗi idan kwamfuta na hutawa, ya faɗi idan aka ɗora kaya. Shi ya sa gwajin nan na haɗa koriyar waya da baƙa a ga fanka ta juya bai gaya maka komai ba sai cewa abin bai mutu ba. Ni mita nake sa wa a wayar ruwan ɗorawa, in kunna aiki mai nauyi, in zauna ina kallon lambar.

Sai kuma abin da masu rubuta shawarwari daga ƙasashen sanyi ba sa sakawa a lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma shagunanmu da ɗakunan tace fim ba duka ke da na'urar sanyaya ɗaki ba. Cikin akwatin kwamfuta ya fi waje zafi. Masu arahar nan da yawa an auna ƙarfinsu ne a digiri 25 ko 30, na kirki kuwa za ka ga an rubuta yana ba da cikakken ƙarfinsa har a digiri 40 ko 50. Wannan ɗan layi, da ake ɓoyewa cikin ƙananan rubutu, ya fi mini komai muhimmanci a kan kwalin. Kafasitocin ciki ma iri biyu ne, masu jure digiri 85 da masu jure 105, kuma sanannen lissafi ne a wajen masu aikin lantarki cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasita. Idan na ga an ce na Japan ne, irin su Nippon Chemi-Con ko Rubycon ko Nichicon, hankalina yakan kwanta. Hunturu kuma ya zo da tasa rigimar. Ƙura takan shiga ta kwanta a kan fanka da ƙarafan sanyaya, ta haɗu da ɗan maiƙo ta zama kamar bargo, sai bazara ta zo ta tarar da shi a lulluɓe. Buluwa ake sa masa daga waje, ana riƙe da fanka kada ta yi ta juyawa. Ban yarda yaro ya buɗe murfin ba, don babbar kafasitar ciki takan riƙe kusan bolt 400 ko bayan an zare waya.

Wutar da ke shigowa ma abin dubawa ce. A takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda kwan fitila ke yin ja wani lokacin, ga janareta da ke tari idan mai ya yi ƙasa. Na fi son fawafak da aka rubuta masa 100 zuwa 240, irin wanda ke daidaita kansa, domin ko wuta ta yi rauni yakan ci gaba da aiki. Tsofaffin da ke da ɗan jan makunni a baya, mai 115 da 230, su ne abin tsoro, musamman waɗanda suka fito daga Amurka inda wutar gida ba ta kai tamu ba. In aka bar shi a 115 aka jona a nan, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Masu sola kuma su binciki inbatarsu. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta gari, akwai mai araha da ke fitar da ita a gutsure, kuma fawafak na zamani ba ya shiri da ta biyun: wani ya yi ta ƙugi, wani ya ɗauke daidai lokacin da aka sauya layi. Haka ma ƙananan UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Abin da fawafak ke iya riƙewa idan wuta ta ɗauke kusan milisakan 16 ko 17 ne kawai, don haka duk na'urar da ke jan ƙafa wajen karɓar aiki ba ta da amfani a nan.

Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, mutane sun ɗauke shi shaidar inganci, alhali abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta lalace a hanya ba. Mai matakin Bronze yana ba da kusan kashi 85 a rabin kaya, mai Gold kusan 90. Kwamfutar da ke shan wat 400 za ta ja kusan 470 daga bango da na farko, kusan 445 da na biyu. Bambancin wat 25 ne, kuma zafi yake zama a cikin akwati. Ga mai batir da ke yini yana aiki, wannan abin lissafi ne. Ga mai kunna ta awa biyu da daddare, ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba. Tambarin kansa ma sitika ce, kuma mun san sitika ba ta da wuyar bugawa.

To ina arahar take? Tana wajen sayen daidai buƙata. Akwai masu zuwa su ce sai mai wat 1000, don sun ji an ce obakulok na cin wuta. Sai mu zauna da biro. Furosesa 200. Katin RTX 3060 wat 170. Bod da ram da fankoki da ma'ajiya, a ba su 50. Jimla 420. Na kirki mai 650 ya ɗauke wannan ya bar sarari, fankarsa ma ba za ta yi ihu ba. In katin RTX 3080 ne mai wat 320, wanda Nvidia da kansa ya ce a nema masa 750, to a nan zan ce a ƙara gaba, domin irin waɗannan katunan sukan fizgi wuta farat ɗaya fiye da lambarsu. Wannan fizgar ce ta sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta buƙaci manyan fawafak su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan ƙiftawa. A ganina, Bronze mai 650 daga gidan da aka sani ya fi mai 850 da ba a san ubansa ba, ko da kuɗinsu ɗaya ne. Sunan da ke kan kwali ma a yi masa tambaya. Seasonic da FSP da Super Flower su ke ƙera nasu, Corsair kuwa ba wa wasu masana'antu yake yi su ƙera masa, don haka a gida ɗaya za ka samu na sama da na ƙasa. Lambar samfurin ake bincika, tare da alamun kariya: ta gajeren haɗi, ta wuce ƙarfi, ta hawan bolt, ta zafi. Wanda ke da su, in abu ya ɓaci kashe kansa yake yi. Wanda ba shi da su yakan tafi da bod da kati, wani lokacin har da ma'ajiyar da fim ɗin wani ke ciki.

Na hannu fa? Ba na ƙin sa, don yawancin kasuwarmu a kansa take. Garantin shekara 7 ko 10 da ake rubuta wa manyan yana nuna yadda kamfanin ya yarda da kayansa, amma daga nan Kano wa zai aika da shi ƙetare a canza masa? Garantinka na gaskiya shi ne mai shagon da ya yarda a gwada a gabanka, a kan kwamfuta mai ɗauke da kaya, ya kuma ba ka kwanaki. Ka shinshina bayansa, ƙauri ba ya ɓuya. Ka leƙa ta ragar da tocila ko akwai kafasitar da kanta ya kumbura. In irin mai cire wayoyi ne, kada ka karɓa sai da wayoyinsa na asali, domin bakin yakan shiga na wani kamfani daidai amma jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma a nan ne SSD ke ƙonewa. Katin da ke da baki biyu a ja masa waya biyu daban in da hali: mai ƙafa 6 wat 75 aka yi shi ya ɗauka, mai ƙafa 8 wat 150. 'Yan adaftocin nan da ke jawo wa kati wuta daga bakin SATA na ma'ajiya, ni dai ba na sayar da su. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da ke cika kasuwa kuma, da yawansu fawafak ɗinsu da bakinsa na gidansu ne kawai, ba a yi su don wannan wasa ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen wanda kuɗinsa ya ƙare. Wani dattijo ya kawo ɗansa mai koyon tace bidiyo, an gama lissafi saura abin da ba zai sayi na kirki ba. Ya ce, "Malam, ka sa mana na daidai kuɗin, daga baya ma canza." Na ce, "Alhaji, in dai shawarata za a bi, a ajiye fankokin nan masu fitila, a sauko da katin mataki ɗaya, a zuba kuɗin a nan. Kati ana canza shi gobe. Wannan in ya tashi tafiya ba shi kaɗai yake tafiya ba." Yaron ya ɓata rai, uban ya yarda. Da muka haɗa, sai na ajiye masa saiti biyu a cikin bayos, wato wurin saita bod, na rubuta masa a takarda na liƙa a gefen akwatin. Na ɗaya mai obakulok ne, na lokacin sanyi da damina. Na biyu gudun kamfani ne da bolt ɗin da aka ɗan rage, shi zai koma wa daga shigowar Maris har ruwa ya sauka, da kuma duk ranar da aiki ya koma kan janareta.