Daren da Akwatin Srinivasa Nayaka Yake Hannuna

Ina shekara ta biyu da karatun harhaɗa magunguna a Mysuru, a jihar Karnataka ta ƙasar Indiya, matar da nake haya a gidanta ta tare ni a bakin ƙofa. "Amma" nake kiranta, wato uwa a harshensu, kamar yadda kowa a layin yake yi. Ta ce ƙungiyar unguwa za ta yi wasan kwaikwayo mai waƙa kan rayuwar Purandara Dasa, wani tsohon mawaƙin addinin Hindu, suna neman dogon saurayi da zai fito a matsayin yaron shago. A nan take na gaya mata ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa gunki ba, ba zan rera waƙar bauta ba. Ta ce yaron shago ba ya yin ko ɗaya. Da na yi nauyin baki a ranar, da rigimar ta same mu a tsakiyar gwaji. Faɗar da na yi tun farko ta sa har aka gama babu wanda ya matsa mini.

Babu ƙwararre a cikinmu. Darakta tsohon ma'aikacin banki ne, mai fitowa a matsayin Purandara malamin lissafi ne, sauran matan aure ne da 'yan makaranta. A saman benen wani maƙwabci muke gwaji bayan cin abincin dare.

Sai da na shiga na san girman mutumin. An fi cewa an haife shi wajen 1484, ya rasu a Hampi, babban birnin daular Vijayanagara, a 1564, shekara guda kafin daular ta sha kashi a yaƙin Talikota. Almajirin wani babban malamin Hindu ne mai suna Vyasatirtha, kuma ana kiransa kakan kiɗan Karnatik, wato kiɗan gargajiya na kudancin Indiya, domin shi ake jingina wa tsarin darussan farko da yara ke bi har yau, a kan wani tsarin sautin kiɗa (raga a harshensu) mai suna Mayamalavagowla. A harshen Kannada na kasuwa da gida ya yi waƙoƙinsa, kowace kuma takan ƙare da sa hannunsa, Purandara Vittala. Wannan ya tuna mini marubutan waƙoƙinmu da ke faɗin sunansu a baitin ƙarshe.

Sai dai kafin duk wannan, sunansa Srinivasa Nayaka, attajiri mai sayar da zinare da duwatsu masu daraja, mai karɓar jingina, marowaci na bugawa a jarida. Labarin da ake bayarwa shi ne wani tsoho ya yi wata shida yana zarya shagonsa neman taimakon bikin ɗansa, yana korarsa. Tsohon ya je wajen matarsa Saraswati, ta cire barimar hancinta da ta zo da ita daga gidan iyayenta ta ba shi. Ya ɗauko barimar ya kawo jingina wajen mijin. Srinivasa ya gane ta, ya kulle a akwati, ya tafi gida ya ce matar ta nuna masa tata. Tana shirin shan guba sai barimar ta faɗo cikin kofin. Ya koma shago ya buɗe akwati, wayam. Daga nan ya rabar da dukiyarsa.

Aikina biyu ne: in kori tsohon, in kuma riƙe akwatin. Jimloli shida kacal gare ni, amma sun ci mini mako uku. Hausa ta taimake ni wajen dogon wasali da gajere da kuma baƙi mai nauyi, domin Kannada ma tana bambanta su. Inda na sha wuya shi ne baƙaƙen da ake naɗe harshe baya. Na ɗauka ɗ ɗinmu ce, ashe ba ita ba ce. Wata yarinya 'yar shekara goma ta zauna da ni tana cewa, "Anna (wato yaya), sake faɗa," har harshena ya saba.

Babban kuskurenmu yawan waƙa ne. Kowa yana da wadda kakarsa ke rerawa, kowa yana so a saka, darakta kuma ya kasa cewa a'a. Gwajin farko na gaba ɗaya ya haura awa uku, labarin ya nutse a cikin waƙoƙi. Amma ce ta yi ƙarfin halin cewa a zubar da rabi. An yi ɓacin rai, wata mata ta daina zuwa har kwana huɗu. Cikin waɗanda suka tsira akwai wadda Purandara ke bi gida-gida yana tambaya ko an kawo ragi sadaka. Ragi shi ne tamba, abincin talakan Karnataka. Ranar da malamin lissafin ya fito da tambura a kafaɗa (abin kiɗa ne mai tsirkiya huɗu, ba tamburan sarautarmu ba), da 'yan katakon kaɗawa a hannu, da wani abu irin akayau a ƙafa, na ga mai neman abin da zai ci a yini guda, alhali jiya shi ke auna zinare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muka gyara marowacin. Da farko malamin yana wasa da shi kamar dodo, yana zare ido, yara na dariya. Na gaya wa darakta cewa masu riƙon da na sani a kasuwa ba sa ihu. Da fara'a suke cewa ka dawo gobe. Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada. Da aka mayar da Srinivasa mai taushin baki, mai lissafi, sai korar tsohon ta fara yi wa masu kallo zafi, ni ma da nake tura shi waje na ji nauyin hannuna.

Mun yi wasan a wani ɗan zauren taro a lokacin tunawa da rasuwarsa, wanda ke faɗowa tsakanin Janairu da Fabrairu. Akwatin yana da ƙasa biyu, ni ke zame barimar cikin ta ƙarƙashi idan fitila ta koma ɓangaren Saraswati. A gwaji mai harmoniya (abin kiɗa mai madannai da ake hura wa iska da hannu) yakan shigo da kiɗa da zarar an ɗaga murfi. A daren nan takardarsa ta faɗi, ya sunkuya nema. Srinivasa ya buɗe akwati, babu kiɗa, babu motsi. Ya kalli ciki, ya ɗago ya kalle ni kamar yana tuhumar yaronsa, ni kuma na girgiza kai. Ba a rubuta wannan ba. Na ji wata tsohuwa a layin gaba ta ja numfashi, sannan harmoniya ta shigo.

Bayan an ja labule darakta ya je wajen mai harmoniyar ya ce masa gobe ma ya ƙirga takwas a zuci kafin ya taɓa komai.