Hirar silika a hanyar Tawa

Bayan sallar asuba motarmu ta bar Yamai, ni da Yaya, ɗiyar kawuna da ta yi karatun kimiyyar sinadarai a Faransa. Biki za mu Tawa. Har Dosso barci take. Sai da muka wuce Dogon Dutsi, iska na watso rairayi a gilashi, ta ce, "Ƙanena, a kan dangin wannan na yi bincikena."

Galibin rairayi silika ne, amma tata a kwalba ake haɗa ta. Ana zuba wani irin sabulu a ruwa, ƙwayoyinsa su dunƙule, sai a ƙara ruwan silika. Dunƙulen su miƙe su zama sanduna, su jeru, silika ta daskare kewaye da su. In aka gasa a zafi wajen digiri 550, sabulun ya ƙone, a bar ƙofofi jere kamar saƙar zuma. Masanan kamfanin Mobil suka fito da irinta a 1992, mai suna MCM-41. Giram guda, in aka auna bangon ƙofofinsa, yakan kai murabba'in mita 1000. Shi ya sa ake gwada ta wajen tace ruwa da ɗaukar magani.

A Birnin Konni muka sauka muka ci tsire. Nan na ce, "Yaya, wa ya ga sandunan suna jeruwa?"

Ta ce nutiron ke gani, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar ƙwayar zarra. A Cibiyar Laue-Langevin ta birnin Girenobul a Faransa, wadda aka kafa a 1967, ana harba nutiron cikin kwalbar tun abin na ruwa. Ba su da cajin lantarki, don haka suna ratsawa, wasu su karkace, na'ura ta kama yadda suka bazu, daga nan a lissafa siffar dunƙulen minti bayan minti. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta yin haɗin a cikin ruwa mai nauyi, wato ruwan da haidurojin ɗinsa ya fi na ruwan sha nauyi: nutiron na bambance shi da haidurojin ɗin sabulu, sai sabulun ya fito sarai.

Da muka karya arewa a Tsarnawa, tunanin ɗalibaina na kwaleji ya dame ni. Wannan hanya ce ke kaiwa Arlit, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da ake samar da nutiron da shi, ga shi yarana ba su san nutiron ba sai a allo. Kafin mu shiga Tawa na roƙi Yaya ta zo ajina da hotunan na'urar in mun koma Yamai, ta ce in Allah ya yarda za ta zo.