Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Allurar da Goggo ta hana

Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga labarin aurena na biyu. Ku yi haƙuri, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Bauchi, ni kuwa da na ji ta sai Goggo ta faɗo mini a rai. Auren ya jira.

"Mai lafiya ba ya neman allura." Maganarta ke nan, kuma ta fi sau ɗari a kunnena. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kalmar farko. A wurin Goggo ni mai lafiya ce, son jiki ne kawai. Shekara tara ina faɗuwa a bakin murhu, a layin borehol, har a sahun Idi sau ɗaya, ana cewa iska ce, ana yi mini hayaƙi. Sai da wani likitan zuciya ya kwantar da ni ya ƙirga bugun zuciyata 74, ya tsayar da ni, kafin minti goma ta kai 118. Ya ce ƙarin 30 a irin wannan tsayuwa shi ne ma'auninsu. Sunan abin POTS, reshe ne na disotonomiya, wato rikicewar jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da gudun jini da gumi da narkar da abinci ba tare da mutum ya umarce su ba. In na miƙe, jini ya taru a ƙafa, kai ya rasa, sai jiri. Da na kai wa Goggo takardar, ta juya ta, ta ce ashe yanzu lalaci ma har suna gare shi.

A hunturun 2019 mura ta kama gidanmu, ba ta atishawa ba, mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Baban yara kwana huɗu ya yi ya koma shagonsa a Wunti. Ni mako uku. Zazzaɓi yana ƙone ruwan jiki, yana ƙara wa zuciya gudu, ni kuma dama da ruwa lita biyu zuwa uku da gishiri nake tallafe kaina kullum. Salla ta koma a zaune, daga baya a kwance. Leda biyu ta ruwa aka ƙara mini. Zazzaɓin ya tafi, amma wata biyu ban iya tsayawa gaban allo ba, har aka ba wata ajina. Wannan ma labari ne, zan zo kansa.

Likitan ne ya kawo zancen rigakafin mura. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, ba za ta sa mini mura ba, amma hannu zai yi tsami, wataƙila ɗan zazzaɓi, kuma wasu masu irin ciwona jirinsu kan tashi na 'yan kwanaki. Sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara aiki, kuma duk shekara ake sake ta, don ƙwayar tana canza kama. Ba ta cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta, sai da wani kemis ya sa aka kawo daga Abuja. Kuɗin adashina na zuba.

Goggo ta ji, ta yo sallama da mayafinta a kafaɗa. "Ke 'yar nan, mai lafiya ba ya neman allura." Ta kawo zancen yaran Kano da aka gwada wa sabon magani a shekarar sanƙarau, 1996, da yadda aka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003. Ban ga laifinta a nan ba, mutanenmu sun ga abin da suka gani. Amma ita ce fa take ba mu labarin marisuwa muna yara, annobar murar 1918 da kakarta ta ce an rasa masu haƙa kabari. Kuma ita ce da za ta Makka ta miƙa dantse aka yi mata ta sanƙarau da ta shawara, ko uffan ba ta ce ba. Na so in tuna mata. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Goggo." Har yau ina jin haushin wannan "to" ɗin.

Ranar allurar na sha ruwa na ƙoshi, na ci tuwo da miya mai gishiri. Na ce wa nas ɗin a kwance za a yi mini. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce babbar mace da tsoron allura. Ban tanka ba, na haye gadon. Minti goma sha biyar aka ce in jira, na yi rabin awa ƙafafuna a kan jakata. Kwana biyu jirin ya ƙaru, na uku na yi wanki.

Goggo ta rasu ba ta sani ba. Allah ya jiƙanta. Ranar sadakar bakwai na tsaya rabon abinci har na faɗi, na farfaɗo na ji wata daga dangin babanmu tana cewa, "Ai dama Goggonta ta faɗa."

Bana ma na yi wa mai kemis waya, ya ce in jira zuwa Laraba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, auren.