Wai jahilci ne inji shi

Jiya da daddare a majalisarmu wani abokina yake ta kumfar baki wai mutanen ƙauye su ke jawo wa kansu ciwo saboda jahilci, ni kuwa sai Zamfara ta faɗo min a rai, abin da ya faru a 2010 ɗin nan na gubar dalma. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Abare, kuma da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, yaro ya kama jijjiga ya suma shikenan, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo aka gwada jini sannan aka gano dalma ce.

To yaya aka yi? Farashin zinare ya tashi a duniya, manomin da gonarsa ba ta kai shi ko rabin shekara ya ga duwatsun bayan gari akwai kuɗi a ciki, sai ya kwaso ya kawo cikin gida, mata su daka a turmi, wasu a kai injin niƙa irin na hatsi, ƙura ta baɗe tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Waɗanda suka tsira ma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ci min rai, magani kaɗai ba ya isa, in aka ba yaro magani ya koma ƙasar nan mai guba aikin banza ne, dole sai an kankare ƙasar gidajen an zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega da ke Anka sai 2013 aka fara masa wannan aikin saboda jiran kuɗi. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Na ce masa malam, ko bayan an yi musu bayani ai haƙa bai tsaya ba, mutum ya binne ɗansa kuma gobe sauran yaran na jiran tuwo, ina kake so ya nufa? Shiru ya yi, can ya ce mai shayi ya ƙaro masa suga.