Facin layi uku da rigimar da ya jawo min a Debian

Shaguna huɗu nake duba wa kwamfuta a Kaduna, biyu a Kasuwar Bacci, ɗaya a Kawo, ɗaya a Barnawa, kuma Debian, wani tsarin Linux da 'yan sa-kai ke haɗawa, ce a kan dukkansu. Abin da ya haɗa su wata 'yar manhaja ce da aka rubuta da harshen C, ita ke magana da injin buga rasit. Ba zan faɗi sunanta ba don kada a gane mai kula da ƙunshinta, wato mutumin da ke shirya ta don shiga Debian. Aikin sa-kai yake yi kamar ni, ba mai biyansa ko sisi.

Matsalar ta faro da GCC 14, wanda ya fito a Mayun 2024; GCC shi ne abin da ke gina rubutun C ya zama manhaja. A da idan ka kira wani aiki a C ba ka gabatar da shi ba, gargaɗi kawai GCC ke yi ya wuce. Daga siga ta 14 sai ya mayar da abin kuskure, gini ya tsaya cak. Ƙunshinmu ya faɗa wannan rami, aka buɗe masa rahoto mai matakin serious, wanda shi da grave da critical ne matakai ukun da ke hana ƙunshi shiga sabuwar fitowa. Watanni suka wuce mai kula bai ce uffan ba, har aka cire ƙunshin daga testing, rumbun da ake shirya fitowa ta gaba a cikinsa. Ga lokaci na ƙurewa, don daga 15 ga Afrilun 2025 abin da aka cire ba ya sake komawa, wato ba zai shiga Debian 13, trixie, ba ke nan.

Gyaran kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Na sauko da tushen da apt source, na gina shi da sbuild a tsabtataccen muhallin sid, rumbun da sabon ƙunshi ke fara sauka kafin testing, kuskure uku suka fito. Wani fayil na kiran strdup babu string.h, wani na kiran usleep babu unistd.h, na uku kuma aikin cikin gida ne da ke zaune a wani fayil, ana kiransa ba gabatarwa. Layi uku na ƙara, na zuba su a faci guda, wato fayil ɗin gyara, cikin debian/patches da bayanin DEP-3 a samansa. Wanda zai yi irin wannan aiki da datar waya, ya fara sa apt-cacher-ng, mai ajiye abin da aka riga aka sauko da shi, tun kafin komai. Kowane gini sai sbuild ya sake sauko da abubuwan da ƙunshin ya dogara da su, idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar gini, sabon zubi ne.

A nan na kwafsa. Tunda na riga na buɗe ciki, sai hannu ya ƙi tsayawa: na ɗaga matakin debhelper zuwa 13, na sake rubuta debian/rules a gajeren salon dh, na kuma jawo sabuwar sigar da marubutan asali suka fitar. Ni ba ni da izinin ɗorawa kai tsaye, sai wani cikakken ɗan Debian ya duba ya sa hannu. Wanda ya karɓi aikin ya dawo min da shi a dare ɗaya. Ɗorawar wanda ba mai ƙunshi ba, NMU a bakin 'yan Debian, ta gyaran matsalar da aka kawo rahotonta ce kawai, kuma littafin Developer's Reference ya faɗi ƙarara cewa ba a son sauya salon shirya ƙunshi a cikinta. Wanda aka aika ya toshe yoyon rufi ba ya sauya wa masu gida fenti.

Na koma kan layi ukun nan kaɗai. Umarnin dch --nmu ya gyara lambar siga, a ce daga 2.1-4 zuwa 2.1-4.1, nmudiff kuma ya aika da bambancin cikin rahoton don mai ƙunshi ya ga abin da ake shirin yi. Daga nan sai layin jira na DELAYED, inda ɗorawa ke zama wasu kwanaki don mai ƙunshi ya samu damar magana. Ƙa'idar ta ba da kwana 5 ga babbar matsalar da ta haura mako, ko ma ba jira sam idan mai kula ya yi shiru, kwana 10 idan an haɗa da matsalolin matakin important, kwana 15 ga sauran. Muna da hurumin ɗorawa nan take, amma muka zaɓi 10 tunda akwai sauran lokaci.

A kwana na shida sai ga mai ƙunshi ya ɓullo, rai a ɓace. Ashe yana da nasa gyaran a kwamfutarsa bai tura ba: ya ƙara -Wno-error=implicit-function-declaration cikin CFLAGS, kuskuren ya koma gargaɗi kamar da. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Kowane faci kaya ne a kan mai ƙunshi, duk sanda sabuwar siga ta fito sai ya sake daidaita shi, kuma shi zai ci gaba da ɗaukar wannan kaya bayan ni na kama gabana.

A kan biyu daga cikin ukun, gaskiya tasa ce. GCC ya san strdup tun asali, yana amfani da sifarsa ta daidai ko ba a gabatar ba, usleep kuma dama int yake mayarwa. Na ukun ne ke da ƙura. Aikin da ba a gabatar ba, C na ɗauka int yake mayarwa, bit 32, alhali wannan adireshin rubutu yake mayarwa, wanda a amd64 bit 64 ne. Rabin adireshin na sama sai ya yanke, a miƙa wa fprintf guntun, manhaja ta faɗi. Wurin kuwa ba a bi ta kansa sai takarda ta ƙare a injin, lokacin da za a nuna saƙon kuskure. Na tafi shagon Kawo na zare naɗin takardar, na kunna manhajar ƙarƙashin gdb, mai nuna inda manhaja ta faɗi, ta faɗi daidai kan layin. Mai shagon na tsaye a kaina ya ce, "Injiniya, ai mu mun saba, duk ranar da takarda ta ƙare sai mun kashe mun kunna." Na liƙa abin da gdb ya nuna a rahoton, da matakan da kowa zai bi ya gani da idonsa, ban ƙara ko kalma ɗaya kan shirun watanni ba. Wanda ya sa min hannu ya janye ɗorawarmu da dcut, mai ƙunshi ya ɗora 2.1-5 da kansa, da facina a ciki, ni kuma na aika facin ga marubutan asali na cike gurbin Forwarded don nauyin ya ragu masa. Ƙunshin ya yi kwanakinsa na jira a sid ya koma testing kafin a rufe ƙofa.

Saɓanin da bai mutu ba shi ne na sabuwar siga. Ni ina son ta saboda ita ke gane sababbin injinan rasit da ke shigowa kasuwa. Shi ya ƙi, don marubutan sun cusa kwafin wani ɗakin karatu na manhaja a cikin tushen, kuma ginin na neman sauko da wani abu daga intanet. Dokokin Debian ba sa son na farko, na biyun kuwa haramun ne ga ƙunshin da ke main, babban sashen Debian. Wasu sun ce in bi hanyar ceto ƙunshi, ITS, wadda aka kawo a 2018: ka sanar, ka jira kwana 21, sannan ka ɗora da jinkirin kwana 7. Amma an yi ta ne don ƙunshin da aka yi watsi da shi, da zarar mai shi ya fito ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Saura Kwamitin Fasaha, wanda sai da rinjayen 3 bisa 1 yake soke hukuncin mai ƙunshi. Kwamitin da ya yanke maganar systemd a 2014 ba shi zan kai wa ƙarar injin rasit ba, balle a wannan karon ƙa'ida na gefen abokin rigimata. Kundin tsarin mulkin Debian ma ya ba kowa ikon yanke shawara kan aikinsa, kuma bai tilasta wa kowa yin aikin da bai so ba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne ya sa sunana a gurbin Uploaders, ni kuma in ɗauki wahalar sabuwar sigar a experimental, rumbun gwaji, inda ba ta taɓa masu testing. Na cire kwafin da aka cusa ta hanyar Files-Excluded a debian/copyright, lambar ta samu +ds a wutsiya, na haɗa ginin da ɗakin karatun da Debian ke da shi, na toshe wurin da ke leƙa intanet. Har yanzu gwaji ɗaya na faɗuwa a armhf, wani nau'in kwamfuta na ARM, mai ƙunshi ya ce ba za ta sauka sid ba sai an gano dalili. Shaguna uku suna kan sigar trixie lafiya lau. Na Barnawa mai sabon inji kuwa, ginin da na yi da hannuna yake amfani da shi, na kuma danne shi da apt-mark hold don kada sabuntawa ta taka shi.